Kyafaffiyar Saifa a Jirgin Jos

Tun da muka dawo ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A rijiya tambaya, a bakin makaranta tambaya, ranar zumuntar mata a coci kuwa ana tsakiyar waƙa wata ta zungure ni da gwiwar hannu, wai da gaske ne a can gwamnati ke ciyar da ɓeraye? Ga Goggo Asabe na zaga gidaje da nata labarin, kullum jirgin na ƙara tsawo, sanyin na ƙara ƙarfi, har jiya na ji wai ita ta nuna wa likita inda zai duba. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, kowa ya huta, ni ma in huta.

Ga wanda ba ɗan Fadan Kaje ba, ga abin da ya fitar da mu daga gida. Da damina ta zauna, aladun unguwarmu suka soma mutuwa. Alade zai ƙi abinci da safe, jikinsa ya ɗauki zafi, ya kwanta, sai jajayen tabo masu kusurwa huɗu su taso masa a baya kamar an ɗora masa dutsen guga. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, da damina kowane alade a kulle yake a ɗakinsa saboda gonaki, na wannan gida ba ya ko ganin na wancan. To ta ina ciwon ke tsallaka katanga? Ya shiga kowane gida, ya bar guda ɗaya, gidan mahaifiyata, aladunta lafiya lau.

Mama gwauruwa ce, Baba ya daɗe da rasuwa. Tun da aka yi mata aikin ciki a asibitin mishan, likita ya hana ta naman alade. A wurinmu kuwa in alade ya kwanta ba a jira ya mutu, sai a yanka shi a raba wa maƙwabta, kowa ya kyafe rabonsa. Duk kwanon da aka aika wa Mama sai ta mayar da shi a rufe, da godiya. Shekara da shekaru haka take yi, ba wanda ya ce uffan. Bana sai aka ce ai ta san abin da ta yi wa aladun, shi ya sa ba ta cin naman. Daga raɗa aka koma faɗa a fili, aka kira uwata mayya. Dattawan ekklisiya suka ce ranar Jibin Ubangiji mai zuwa, lahadin da ake raba gurasa a coci, za ta koma bencin baya na waɗanda aka hora, dangin Baba kuma suka ce ta tattara kayanta ta koma ƙauyen iyayenta, inda ko wanda zai gane fuskarta bai rage ba.

Na je Kafanchan na sami Malam Yohanna, malamin dabbobi. Ya zo ya duba, ya ce yana da abin da yake zato, amma shi ɗan ƙanen Mama ne, duk abin da ya faɗa za a ce ya rufa mata asiri. Ya ce akwai babban gidan binciken cututtukan dabbobi can bayan Bukuru, mu kai musu saifa da ƙoda da ƙashin cinya na aladen da aka yanka yana cikin ciwon.

"A cikin ƙanƙara, Rifkatu," in ji shi. "Ki ji ni da kyau. A cikin ƙanƙara."

Dattawa suka yarda su jira, amma da sharaɗin a haɗa ni da shaida daga cikin waɗanda suka yi hasara. Suka zaɓi Goggo Asabe, ƙanwar Baba. Aladunta duk sun tafi sai wata uwa da take kira Sarauniya, ita ma a makon nan ta kwanta aka yanka ta, daga jikinta za a cire abin da za mu kai. Ga babban yatsan Goggo ya kumbura ya yi shuɗi-shuɗi yana mata ƙaiƙayi, tana kuma gaya wa kowa cewa ya soma ne ranar da Mama ta karɓi guga daga hannunta a rijiya. Da wannan matar aka ce in yi tafiya.

Ana jajibirin tashi na koma Kafanchan na roƙi ƙanƙara wurin mai kifi a bakin tasha, na naɗe ta da dusar katako da buhu, na rungumo ta a mota tana ɗiga mini a zane. Na damƙa wa Goggo, na yi mata bayani da Hausa, na sake yi da yarenmu. Ta ce, "Na ji, malama, na ji. Ni na yi maka wankan farko a duniya, yau kai za ka koya mani ɗaure kaya?"

Da safe na biya in yi wa Mama sallama, sai na tarar ta riga ta ɗaure kayanta, ƙunshi guda babba a bakin ƙofa: tukwane, tabarma, Littafi Mai Tsarki a sama. Ta ce in mun dawo da labari mai kyau sai a kwance. Ba ta yi kuka ba. Ni na yi, a cikin mota, har sai da Goggo ta kama faɗa da kwandasta a kan ya taka mata gefen zane, ta gaya masa tarihin kakarsa, dariya ta ƙwace mini ba shiri.

An haife ni cikin jin kukan jirgin ƙasa, amma ban taɓa hawa na Jos ba. Goggo kuwa ba ta taɓa sa ƙafa a jirgi ba ko da wasa. Ta sha anko ɗin zumuntar mata, ta ɗaura ɗankwali har gira, ta manna katin baftismarta a ƙirji da fil. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce tun da aka sauya wa jihohi suna ta ji an ce Filato wata ƙasa ce, akwai soja a kan iyaka, ita kuwa ba za a kama ta ba takarda ba.

Tashar Kafanchan ranar nan ba masaka tsinke. Jirgin Legas ya zubo mutane, na Fatakwal ya zubo, kowa na neman ƙofa ɗaya. Wani bawan Allah ya fizge langar da naman ke ciki daga kan Goggo ya miƙa ta taga, ta kurma ihu ɓarawo, ashe taimako yake yi. Muka sami wuri daura da wani Alhaji mai fataucin goro, gefensa wani soja da ke komawa bariki. Na tura langar ƙarƙashin benci, a ɗaure da tsumma kamar yadda Goggo ta kawo ta. Da jirgi ya yi kuka ya ja, Goggo ta damƙe cinyata ta soma addu'a da ƙarfi, daga addu'a ta zarce waƙa, daga waƙa ta koma yi wa itatuwa tsawa wai ina suke gudu. Kafin mu kai Kagoro rabin taragon na amsa mata waƙar.

Muna wuce dutsen Kagoro wani ƙamshi ya tashi. Ƙamshi ne na gaske, irin wanda ke sa mutum ya haɗiyi yawu bai sani ba. Mutane suka fara waige-waige. Sojan ya karkato ya ce, "Mama, wannan ƙamshi haka, ba za a yi zumunci ba?" Ina cikin dariya sai na lura daga ƙarƙashin bencinmu yake fitowa. Na jawo langar, na kwance tsumman, na ɗaga murfi. Ga saifa, ga ƙoda, ga ƙashi, sun sha hayaƙi sun yi jawur, ana ganin gishiri da yaji a jikinsu.

"Goggo, mene ne wannan?"

"Saifa mana. Da ƙoda, da ƙashi. Abin da Yohanna ya ce."

"Wa ya ce ki kyafe?"

"Kai Rifkatu, ka yi boko amma hankali bai ishe ka ba. Za mu kai ma babban dokita ɗanyen nama yana wari, ya ce mutanen Kaje ba su da tarbiyya? Ko Pasto ban taɓa yi mashi mai kyau haka ba."

"Ƙanƙarar fa?"

Ta ɗago gorar kununta ta manna mini a kumatu. "Taɓa ka ji. Kamar na otel."

Ni malama ce, ni ke koya wa yara cewa wuta na kashe ƙwayoyin cuta. Wato mun tashi takanas mun hau jirgi za mu kai wa likita suya, uwata kuma na can zaune kusa da ƙunshinta tana jiranmu. Na fashe da kuka, ina kukan kuma in na kalli yajin sai dariya ta taso, na rasa wanne zan yi. Alhaji ya ce, "Ƴata, lafiya?" Ban san lokacin da na zayyana masa komai ba.

Da ya ji kalmar alade sai ya tattare rigarsa, ya sa ƙafa ya ja huhun goronsa can gefe, ya yi a'uziyya. Sojan da ke neman zumunci ya ce shi dama azumi yake yi. Sai Alhaji ya dubi Goggo, ya dubi langar, ya kama dariya har hularsa ta faɗo. Da ya natsu ya ce, "Ƴata, kar ki sauka a hanya. An ce ki kai ƙashi, ga ƙashi. Ki bari likita ya ce bai yi ba da bakinsa, kar ki yanke masa hukunci tun daga nan." Ya ɓare goro ya ba mu, ya kuma roƙi arziki a mayar da murfin.

Daga Manchok jirgi ya fara hawa, yana nishi, a hankali har Goggo ta ce maza su sauka su tura. Can ta gyara katinta ta tambayi Alhaji ko an kusa iyaka. Ya ce ai mun wuce tuntuni. Ta leƙa ta taga, ba soja, ba shinge, sai wata akuya a kan dutse. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce ita da ta goge zane saboda su. Da mai duba tikiti ya zo sai da ta sa ya karanta katin baftismar nan tas, har sunan wanda ya yi mata, kafin ta sake shi. Abin da ya shaida mana mun shiga wata ƙasa shi ne sanyi, ya shigo ta taga ya kama mu a kunne.

A Bukuru muka sauka, Alhaji ya nuna mana motar da za mu shiga, daga nesa, da baki. Ƙasar tasu fili ce fetal, duwatsu da manyan kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, itace ɗaiɗai. Goggo ta ce da me suke girki, da addu'a? Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shingen kerana kewaye da kowace gona. Mu a gida dabba muke kullewa mu bar gona a buɗe, su kuwa gonar suke kullewa su bar dabba ta yi yawonta. Goggo ta ce masu hankali ne, aladensu bai san fursuna ba.

A ƙofar shiga wurin dabbobin akwai wani faffaɗan kwano a ƙasa, cike da farin ruwa mai warin asibiti. Maigadi ya ce mu tsoma ƙafa kafin mu wuce. Goggo ta dafe ƙirji. Ta ce, "Rifkatu, ka gani? Wankin ƙafa, irin na Yesu da almajiransa. Waɗannan Krista ne na gaske." Ta tuɓe takalma ta riƙe a hannu, ta shiga da ƙafa biyu tana cuɗa diddige, ta sunkuya za ta ɗebo ta shafa a fuska, maigadi ya daka mata tsawa. Ashe takalman ake son a tsoma, don kar mu shigo musu da cuta daga waje. Ta fito tana ɗiga, ta tsoma takalman da hannu ɗaya bayan ɗaya, ta ce to ga iyakar nan, ashe a nan suka ɓoye ta.

Likitan saurayi ne, mutumin Pankshin, cikin farar riga har gwiwa. Na miƙa masa langar kaina a ƙasa don kunya. Ya buɗe. Ƙamshi ya cika ɗakin, ma'aikata suka fara leƙowa ta ƙofa.

"Wa ya yi wannan aiki?"

"Ni ne, dokita," in ji Goggo, tana gyara tsayuwa.

"Mama, tun da na fara aiki ba a taɓa girmama ni haka ba."

Ya ce saifar da ƙodar kam sun riga sun zama suya, ba abin da zai samu a ciki. Sai ya ɗauki ƙashin ya juya shi, ya sa a kawo ƙaramin zarto, ya yanke shi biyu. Ɓargon ciki ja ne, da danshinsa. Ya ce wuta ba ta kai nan ba. Ya sa na kwatanta masa tabon da ke fita a bayan aladun, na kuma ba shi labarin gidan Mama da ciwon ya tsallake, ina faɗa yana gyaɗa kai. Can idonsa ya sauka a kan yatsan Goggo, ya ce ta kwance tsumman da ta naɗe shi da shi. Ya tambaye ta ko wani abu ya yanke ta a wurin. Ta ce ƙashi ne ya ɗan soke ta ranar da take gyaran naman maƙwabta, amma ba shi ba ne, ita ta san wanda ya yi mata. Bai ja da ita ba.

Ya ce ba zai yi mana alkawari ba. Akwai ƙwayoyin cuta da ko warin hayaƙi ba sa jurewa, amma wadda yake zato mai taurin kai ce, gishiri da hayaƙi ba su cika damunta ba. Ya shafa ɓargon a kan wani jan abu mai kama da daskararren kamu a cikin faifan gilashi, ya ce nan za ta tsiro in tana da rai. Sauran kuma aka dama aka yi wa ɓeraye allura. Ya ce mu ba shi ƴan kwanaki.

To, ku masu tambayar ɓeraye, gaskiya ne. Farare ne tas da jajayen idanu, kowane gida da akwatinsa, da abinci, da ruwa a kwalba, da ma'aikaci mai share musu ɗaki. Goggo ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ce ita da ta kwashe rayuwarta tana bin ɓera da muciya, ashe ɗan gwamnati take duka. Aladunsu kuma farare ne dogaye kamar bencin coci, ana musu wanka da tiyo. Ta gaishe su da yarenmu, ta ce ba su amsa ba, girman kai.

Masauki bai ba mu wuya ba. Wata dattijuwa, Ngo Chundung, ta hango ankon zumunta a jikin Goggo daga ƙofar gidanta, ta kira mu, ba ta ko tambayi sunanmu ba sai da muka ci abinci. Ta ba mu gwaten acca mai zafi, muka ce mun iso gida. Daga nan kuwa sai dankalin turawa, safe dankali, rana dankali, yamma dankali. Goggo ta kira shi doyar da aka yaye da wuri, amma ba ta taɓa barin ko ɗaya a kwano ba. Ruwan wankansu cizo yake yi. Goggo ta ce ita ta yi wankanta na mako a ƙofar gidan bincike, ba ta da bashin kowa.

Ana cikin haka wata rana da azahar hadari ya haɗu, sai muka ji kamar ana jifan kwanon rufi da tsakuwa. Muka leƙa, ƙanƙara ce ke zubowa daga sama, fara fat, ta rufe tsakar gida. Abin da na roƙa a Kafanchan har da durƙuso, ga shi Allah na watsarwa kyauta kaji na gudu. Goggo ta suri langar da aka wanke mana, ta fita a guje ɗankwali na faɗuwa, ta ciko ta, ta dire a gabana. "Ga ƙanƙaran ka, malama. Ka huta da fushi." Muka yi dariya har Ngo ta zo duba ko lafiya.

Amma da dariyar ta lafa muka zauna muna kallon ƙanƙarar na narkewa. Goggo ta ce, "In dokita ya ce babu ciwo fa?" Na ce, "In ya ce akwai fa?" Ta daɗe tana murza yatsanta. Ta ce Mama ce ta riƙe ta a haihuwarta ta fari, ita ba ƙinta take yi ba, tsoro take ji. Na yarda da ita. Ni ma tsoron nake ji, ko dankalin ranar ban iya haɗiyewa ba.

Ranar Jumma'a aka aiko mu zo. Ɓerayen da aka yi wa allura sun mutu, Goggo har da yi wa ma'aikacinsu gaisuwa. A kan faifan gilashin kuma wasu ƴan ɗigo sun fito kamar raɓa. Likita ya sa mu leƙa madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Goggo ta rufe idon da ya kamata ta buɗe, ta ce ba ta ganin komai sai duhu. Da aka gyara mata ta leƙa, sai ta ɗago ta dubi likita.

"Wannan guntayen tsintsiya ne ya kashe Sarauniya? Dokita, abu ba haƙori, ba ƙaho, yaya zai kayar da alade?"

Ya nuna gorar da ke rataye a kafaɗarta. "Mama, yaya kike kunun zaƙi?"

Nan fa aka zo gidanta. Ta ce ka dama gasara, ka sheƙa tafasasshen ruwa, ya yi kauri kamar tuwo, sai ka zuba niƙaƙƙen tsiro ka rufe, kafin safe ya tsinke ya yi zaƙi.

"Tsiron yana da haƙori?"

"Babu."

Ya ce akwai wani abu a cikin tsiro da ke narkar da kaurin, su a wurin aiki suna kiransa enzayim. Ƙwayar nan ma tana da irin nata tsiron, da shi take yaƙi. Ɗaya yana narkar da danƙon da ya riƙe tsoka da tsoka, sai hanya ta buɗe mata ta yi ta shiga ciki. Ɗaya kuma yana kankare santsin da ke cikin jijiyoyin jini, sai jini ya daskare ya toshe ƙananan jijiyoyin ƙarƙashin fata, wurin ya yi ja ya taso. Tabon da muke gani ke nan. Ya ce a cikin ƙwayoyin ma wadda ta fi fitar da wannan abu ita ta fi kisa. Ya kama hannun Goggo ya ce, "Ita ce a nan ma, ta shiga ta inda ƙashi ya soke ki. Allura za ta kore ta."

Goggo ba ta saduda ba. Ta ce to ta ji, amma abin nan ba shi da ƙafa, aladu kuma a kulle suke. Wa ke ɗaukarsa gida gida?

Ya tambaye ta me muke yi da aladen da ya kwanta. Ta ce a yanka a raba mana, wa zai ci shi kaɗai? Ya ce in rabonki ya iso fa? Ta ce a wanke a kyafe. Ya ce ruwan wankin fa?

"A komin alade mana. Wa zai zubar da ruwan nama a ƙasa?"

Ya ce, "Gidan da aladun ba su mutu ba fa, ina suke zuba nasu?"

Ni na amsa. Na ce a gidan nan ba a taɓa wanke nama ba, kwanon a rufe yake komawa. Goggo ta dube ni, ta dubi yatsanta, ta sulale ta zauna a ƙasan ɗakin, cikin ankonta da ta goge.

Sauran ba shi da tsawo. Likita ya ba mu saƙo da magani mu kai wa Malam Yohanna, ya ce a daina raba naman aladen da ya yi ciwo, a binne shi da zurfi, don ko kyafaffe ne yana iya ɗauke da ita. An yi wa Goggo allura a asibiti, an ji ihunta har bakin titi. Ngo ta cika mata langa da dankali. A jirgin dawowa ba waƙa, ba faɗa da kowa, har muka gangaro Kagoro zafin gida ya tarbe mu.

Muka sauka Fadan Kaje ranar Asabar da la'asar, gobe Jibin Ubangiji. Na ɗauka gida za ta wuce. Sai ta miƙe gidan Pasto, inda dattawa ke zaune a gindin mangwaro, mata na ganinmu suka biyo. Na buɗe baki zan yi bayani kamar malama, ta ture ni gefe. Ta kwance yatsanta ta ɗaga sama. Ta ba su labarin tsiro da kunu da guntayen tsintsiya, ta kira enzayim da wani suna da ko likitan ba zai gane ba, amma kowace mace a wurin ta fahimta. Daga ƙarshe ta ce, "Mayyan da kuke nema, a kwano yake tafiya. Ni na ɗauke shi a kai na, na yi sallama a ƙofan ku, kuka ce mun gode. Ku ma kun kawo mani, na ce Allah ya sa albarka. Mutum ɗaya ne bai buɗe mashi ƙofa ba, shi muka ce ya bar gari."

Pasto ya cire tabarau yana gogewa, gogewar da ba ta ƙare ba har muka bar wurin.

Mama na zaune a bakin ƙofa inda na bar ta, ƙunshin na gefenta. Goggo ba ta yi sallama ba. Ta durƙusa ta kinkimi ƙunshin nan ita kaɗai, da ciwon yatsa da komai, ta ɗora a ka ta nufi ɗaki, hawaye na zuba har kan katin baftisma. Mama ta ce, "A hankali, Asabe, tukunyar ƙasan nan ɗan'uwanki ne ya saya mini."

Da ta fito ta ɗauki langarta ta riƙe da hannu biyu a gaban Mama. "Ba nama ba ne. Na tafasa kwanon, tambayi Rifkatu."

Duk muka zuba ido, don ba wanda ya taɓa ganin Mama ta ɗaga murfin kwanon Goggo. Ta ɗaga. Ta ɗauki dankali ɗaya ta juya shi a hannu, ta ce wace ƙasa ce ake yaye doya da wuri haka? Sai ta rungumi langar ta shige madafa, ta ce Asabe ta zo ta nuna mata yadda ake dafa shi.